Abin Mamaki Game da Sadarwa a Tsakiyar Teku

Tun 1910 tangaraho mara waya ya fara kama masu laifi. Dakta Crippen, wanda ake zargi da kashe matarsa a Landan, ya ɓad da kama ya shiga jirgin ruwan Montrose zai tsere Kanada. Kyaftin ɗin jirgin ya gane shi, ya buga saƙo Ingila. Wani sufeton 'yan sanda ya hau jirgin da ya fi sauri, ya riga shi isa, ya tarbe shi da ankwa.

Daren da Titanic ya nutse a 1912 akwai jirgin Californian nan kusa. Sai dai ma'aikacin tangarahonsa mutum ɗaya ne tak, kuma ya rufe na'ura ya kwanta barci. Jirgin Carpathia da ke can nesa shi ya ji kiran neman agajin Titanic, ya ceto mutum kimanin 700. Bayan haka ne aka wajabta wa manyan jiragen fasinja su kasa kunne dare da rana. Tangarahon ya ci gaba da aiki har 1999, sannan tsarin neman agaji ta tauraron ɗan Adam ya gaje shi.

Ruwan gishiri kuwa har gobe shanye igiyar rediyo yake yi. Don Amurka ta yi magana da jiragen yaƙinta na ƙarƙashin ruwa, sai da ta shimfiɗa wayoyi masu tsawon kilomitoci da dama a dazukan Wisconsin da Michigan. Duk da wannan ɗawainiya, haruffa uku kacal kan ɗauki mintuna kafin su isa, jirgin kuma ba ya iya mayar da amsa. Kira ne kawai na ya ɗago ya karɓi cikakken saƙo. A 2004 aka rufe wannan tsarin.

Taurarin ɗan Adam na Inmarsat suna tsaye ne kimanin kilomita 36,000 saman layin da ya raba duniya arewa da kudu, don haka ba sa hangen ƙuryar arewa da ta kudu. Tsarin Iridium mai taurari 66 ya toshe wannan giɓin, Starlink kuma ya kai wa ma'aikatan jirgi intanet da za su ga iyalansu ta bidiyo.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne na'ura ta yi ƙarya. A 2017, jirage sama da 20 a tekun Bahar Aswad suka ga GPS ɗinsu na nuna wai suna filin jirgin sama na Gelendzhik a Rasha, alhali ga su tsamo-tsamo a kan ruwa.