Teburin Siminti A Tsakar Gida: Ruwa Da Haƙuri Ne Ƙarfinsa

Duk magidancin da ke zaune a Changli, ko wata unguwa cikin Tamale, ya san makomar teburin katako idan aka bar shi a tsakar gida: damina ta jiƙa shi, rana ta tsattsaga shi, gara ta ƙarasa saura. Wannan ne ya sa muka ƙudura zuba na siminti da hannunmu, domin yara su sami wurin karatu, iyaye mata kuma wurin ɗora kwanuka.

Na farkon da muka zuba bai yi kwana goma ba ya tsage. Cikin hunturu muka yi aikin, muka bar shi a rana da zaton zai yi saurin ƙarfi. Ashe ruwan da ke cikin kwaɓin shi ke haɗuwa da siminti ya mai da shi dutse. Idan iska ta kwashe shi da wuri, ƙarfi ya tafi.

Ga yadda muka gyara. Kafinta ya haɗa mana akwatin katako mai tsawon santimita 120, faɗi 60, zurfi 5, muka shafe cikinsa da mai don kada ya manne. Muka auna siminti kwano 1, yashi 2, ƙananan tsakuwa 3. Yashin ya zama na kogi marar laka, irin wanda ake kawowa daga Nawuni. Buhu guda na Ghacem ko Dangote, mai kilo 50, ya isa har da ragowa. Ruwa kada ya wuce rabin nauyin siminti, wato lita 25 ga buhu, domin kwaɓi mai ruwa-ruwa rauni yake haifarwa. Muka zuba rabi, muka shimfiɗa ragar rodi, muka cika, sannan muka bubbuga gefen akwatin da guduma har kumfar iska ta fita. A sa safar hannu, siminti yana cin fata.

Daga nan sai jira. Muka lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna da leda a inuwa, muna yayyafa ruwa safe da yamma har kwana 7. Ledar tana rage ɓarnar ruwa, abin da mutanen garin nan suka san darajarsa. Cikakken ƙarfinsa kuwa sai bayan kwana 28.

Muna jan hankalin iyaye a kan nauyi. Wannan faifai ya haura kilo 80, ɗaga shi sai mutum huɗu. A gina masa ƙafafu na bulo, a ɗaure shi da kwaɓi, kada a aza shi kawai, domin yara ba za su fasa hawa ba.

Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Allah ya sa albarka a aikin hannunmu, amin.