Gangarar Fili da Rikicin Izinin Gini a Katsina

Gangarar fili ita ce yawan saukar da ƙasa take yi daga wannan gefe zuwa wancan. Lissafinta ba shi da wuya: idan fili ya sauka da mita 1 a cikin tsawon mita 20, gangararsa kashi 5 cikin 100 ke nan. Safiyo kan kafa na'urarsa bisa ƙafa uku, yaronsa ya riƙe sanda mai lambobi yana bin kusurwoyin fili, shi kuma yana karanta bambancin tudu da kwari.

Birnin Katsina shimfiɗaɗɗe ne, har mutum ya ɗauka babu gangara a cikinsa. Ruwan watan Agusta ne ke nuna ta. Ruwan birnin yana neman hanya zuwa rafukan Ginzo da Tille, kuma ƙasar mai rairayi ce, ba ta jure zaizaya. A da kududdufai ne ke shanye rarar ruwa, sai aka cike da yawa daga cikinsu aka ɗora gidaje. Ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018, wadda ta ci rayuka fiye da 40, ta nuna wa jihar abin da ruwa kan yi idan aka zauna masa a hanya.

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, shi ke ba da takardar shaidar mallaka. Amma wannan takarda ba izinin gini ba ce. Izini yana fitowa ne daga Hukumar Tsara Birane ta jihar, bayan ta duba zanen gini da wurin da za a yi shi. A 2003, cikin ƙarar da Jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne, don haka ƙa'idar jiha ce abin bi.

Saɓani kan izinin gini yakan taso ne daga yadda aka yi awon gangara. Mai fili zai so a ɗauki matsakaicin gangarar fulotin gaba ɗaya, don lambar ta fito ƙarama. Maƙwabci ko jami'in hukuma zai so a auna kusurwar da ta fi zurfi, inda ruwa ke bi. Kowane awo daidai ne, amma sakamako biyu ake samu.

Mafi tsanani shi ne batun ciko. Mutum ya sayi fuloti ƙafa 50 da 100 a kwari da rani, lokacin da komai ya bushe. Kafin a zo dubawa ya zuba tifa-tifa na jar ƙasa, ya ɗaga fandisho sama da titi. Safiyo ya zo ya tarar da fili sumul. Da damina ta sauka, ruwan da ya saba ratsa wurin sai ya karkata zuwa zauren tsohon gidan da ke kusa, gindin katangar ƙasa ya jiƙe, ta fara rarakewa. Wace ƙasa ce ya kamata a auna, ta asali ko wadda aka kawo a mota? Taswirar fili da aka saba yi tana nuna tsawo da faɗi da wurin fegi ne kawai, ba ta faɗin tudu ko kwari, kuma wannan babban giɓi ne.

Idan irin wannan rikici ya taso, maganar takan fara daga mai unguwa, ta je wurin hakimi. Idan ta shafi takardar gwamna, sashe na 39 na dokar 1978 ya ba Babbar Kotu hurumi. Idan kuwa cutar da maƙwabci ce, malaman Malikiyya sun daɗe da yin bayani kan indararo da magudanar ruwa, bisa ƙa'idar kawar da cuta. Ko'ina aka je, alƙali yakan fuskanci safiyo biyu da takardu biyu, alhali ƙasar da ake jayayya a kanta tana binne. Sai a koma ga shaidar dattawan unguwa da alamar da ruwa ya bari a bango.

Ya kamata hukuma ta wajabta awon tudu da kwari kafin a zuba ko da tifa ɗaya, a danganta shi da tsayin titi da na kwalbati mafi kusa, a ajiye shi cikin fayil ɗin fili tare da zanen gini.