Barin Taba Sigari: Lissafin Da Ke Gaban Ɗan Kasuwa

A duk cikin hajar da ake kasawa a kasuwannin Nijeriya, da wuya a sami wadda ta kai taba sigari tabbacin ciniki. Mai atamfa yakan jira sallah, mai takin zamani yakan jira damina, amma mai tebur da ke bakin tasha, a Sabon Ibadan yake ko a Agege, ya san cewa wanda ya sayi kara biyu da safe zai dawo kafin azahar, ko da kuwa jiya ya rantse cewa ya daina.

Wani bincike da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar a shekarar 2012, tare da haɗin gwiwar Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da Hukumar Lafiya ta Duniya, ya nuna cewa manya kimanin miliyan 4.5 ne ke amfani da taba a ƙasar nan, wato kashi 5.6 daga cikin ɗari, kuma mafi yawansu maza ne. Abin da ya fi jan hankali a binciken shi ne, bakwai daga cikin kowane mutum goma masu busa ta sun ce suna da niyyar bari ko suna tunanin yin haka. Ke nan kasuwa ce wadda akasarin masu saye a cikinta ke neman ƙofar fita, amma cinikin bai tsaya ba.

Abin da ke riƙe da su shi ne nikotin, sinadarin da ke cikin ganyen taba. Da zarar mutum ya zuƙi hayaƙi, nikotin yakan ratsa huhu ya shiga jini, ya isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20. A can yakan sa a saki wani sinadari mai suna dofamin, wanda ke haddasa jin daɗi da natsuwa na ɗan lokaci. To amma bayan kamar awa biyu, rabin nikotin ɗin da ke cikin jini ya riga ya baje, sai jiki ya fara neman ƙari. Da tafiya ta yi tafiya ƙwaƙwalwa takan sauya tsarinta domin ta saba da wannan baƙo, har ta kai ga ba ta jin daidai sai da shi. Natsuwar da mashayi ke cewa taba na ba shi, galibi ba wata aba ba ce illa kwantar da ƙishirwar da karan da ya gabata ya tayar.

Ga kuma sabo, wanda Hausawa suka kira turken wawa. Wanda ke shan kara 20 a rana, idan yana zuƙar kowane kara sau goma, ya kai hannu baki sau 200 a yini, sau 73,000 a shekara. Kowace zuƙa tana ɗaure da wani abu: shayin safe, kammala cin abinci, jiran lodi, hira a majalisa, ɓacin rai bayan ciniki ya watse.

Masana'antar taba ta daɗe tana musanta wannan. A shekarar 1988 Babban Jami'in Lafiya na Amurka, Dakta Everett Koop, ya fitar da rahoton da ya tabbatar da cewa nikotin na kama mutum ta irin hanyar da hodar iblis da tabar heroin ke kamawa. Duk da haka, a watan Afrilu na 1994 shugabannin manyan kamfanonin taba bakwai suka tsaya gaban wani kwamiti na Majalisar Dokokin Amurka, suka yi rantsuwa cewa a ganinsu nikotin ba ya sa jaraba. Shekara huɗu bayan nan, a 1998, manyan kamfanonin suka amince su biya jihohi 46 na ƙasar kuɗin da ya kai Dala biliyan 206 cikin shekara 25, saboda abin da jihohin suka kashe wajen jinyar mashaya.

A nan gida kuwa, sana'ar ta tsufa. An kafa masana'antar taba a Ibadan tun cikin shekarun 1930, daga baya Kamfanin Taba na Nijeriya, NTC, ya buɗe wasu a Fatakwal da Zariya, inda ya zama ɗaya daga cikin manyan masu ɗaukar ma'aikata da sayen ganye daga manoma. A shekarar 2001 kamfanin British American Tobacco ya ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta zuba jarin Dala miliyan 150, aka kuma buɗe sabuwar masana'antarsa a Ibadan a 2003.

Ta ɓangaren doka, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa dokar soja mai lamba 20 ta shekarar 1990, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya, wadda ta hana busa taba a asibitoci, makarantu, ofisoshi, gidajen silima da motocin haya. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taƙaita shan taba a 2005, sannan a 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan sabuwar doka, wadda ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma haramta sayar da taba kara-kara, sai dai a kwali. A 2018 aka ƙara wani haraji na musamman na Naira 1 a kan kowane kara, ya koma Naira 2 a 2019, sannan Naira 2.90 a 2020.

Batun kara-kara ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne ga mai son bari. Wanda ya kuduri aniyar ba zai sake sayen kwali ba, yana iya cika alkawarinsa, amma ya ci gaba da shan taba da canjin da ya rage masa a aljihu. Kuma duk mai yawo a tashoshin mota ya san cewa dokar ba ta kai kan tebur ba tukuna. Har ila yau, sayen kara-kara na ɓoye wa mutum ainihin abin da yake kashewa. Mai shan kara goma a rana yana ƙona kara 3,650 a shekara, wato fiye da kwali 182. Idan aka ƙaddara cewa kara ɗaya Naira 50 ne, kuɗin ya kama Naira 182,500, kuma babu ɗan kasuwar da zai yarda yaron shagonsa ya riƙa zarar irin wannan adadi daga cikin uwar kuɗi ba tare da ya tuhume shi ba.

Babbar asarar dai ba a nan take ba. Wani shahararren bincike da Sir Richard Doll da abokan aikinsa suka fara a Ingila a shekarar 1951, inda suka bi diddigin dubban likitoci har tsawon shekara 50, ya gano cewa mashayin da bai daina ba yakan rasa kimanin shekara goma daga tsawon rayuwar da ake sa ran zai yi. Amma wanda ya bari yana da shekara 30 yakan ceto kusan dukkan goman, mai shekara 40 ya ceto tara, mai 50 ya ceto shida, mai 60 kuma uku. Ga mutumin da harkarsa ke tafiya da jikinsa da sunansa, wanda in ya kwanta jinya shago ya rufe, bashi ya maƙale a hannun mutane, waɗannan shekaru su ne jarin da ya fi kowane girma.

Jiki kuma ba ya jinkirin nuna godiya. Cikin awa 12 da ajiye taba, iskar gubar nan ta kabon monoksaid, irin wadda ke fita daga salansar mota da janareta, takan sauka daga jini zuwa yadda ya kamata. Bayan shekara ɗaya haɗarin ciwon zuciya yakan ragu da kusan rabi, bayan shekara goma kuma haɗarin sankarar huhu ya koma kimanin rabin na wanda ya ci gaba da sha.

To, ina gizo ke saƙa? A makon farko. Alamomin rashin nikotin sukan fi tsananta a kwana biyu zuwa uku na farko: saurin fushi, rashin barci, kasa tattara hankali, yawan jin yunwa da ƙuncin zuciya. Daga nan sukan riƙa lafawa, akasari cikin mako biyu zuwa huɗu. Ita kanta ƙishirwar tabar takan zo ne kamar guguwa, ta yi 'yan mintoci ta wuce, ko an sha ko ba a sha ba. Wanda ya san haka tun farko ba zai ɗauki wahalar kwana na uku a matsayin shaidar cewa shi ba zai iya ba. Saboda haka ne masana ke ba da shawarar a tsai da rana takamaimai, a sanar da iyali da abokan zama, a kawar da taba da ashana daga shago da mota, kuma kada a sa ranar a tsakiyar lokacin da ciniki ya fi zafi ko ake cikin rigimar kaya a tashar jiragen ruwa.

Rage yawan kara a maimakon bari gaba ɗaya dabara ce da mutane da yawa ke fakewa da ita. Wani nazari da aka buga a Ingila a 2018 ya nuna cewa mai shan kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da mai shan kara 20 ke ɗauke da shi. Ragewa tana da amfani ne kawai idan mataki ce zuwa ranar da aka tsayar.

Akwai wani abu da ya shafi maciya goro da mashaya shayi wanda ba kasafai ake ambatonsa ba. Hayaƙin taba na sa hanta ta riƙa narkar da sinadarin kafin, wanda ke cikin goro da shayi da kofi, da sauri fiye da kima. Idan aka daina taba, wannan sauri yakan ragu, sai goron da mutum ya saba ci ya fi ƙarfinsa. Wanda ya maye gurbin kowane kara da ɓarin goro yana iya samun kansa da bugun zuciya da rashin barci, ya ɗora laifin a kan barin taba, alhali abin da ya kamata shi ne ya rage goron. Haka nan komawa ga garin taba na shaƙa ko na leɓe, ko shisha, ba fita ba ce, sauya ɗaki ne a cikin gida ɗaya.

Alƙaluma sun nuna cewa daga cikin mutum ɗari da suka yi ƙoƙarin bari da ƙarfin zuciya kaɗai, uku zuwa biyar ne ke kaiwa shekara ba su koma ba. Wannan ba dalilin karaya ba ne, domin yawancin waɗanda suka rabu da taba sai da suka gwada sau da dama. Amma dalili ne na neman taimako. Cingam da filastar nikotin, waɗanda ke ba jiki sinadarin a hankali ba tare da hayaƙi ba, suna ƙara damar yin nasara da kashi 50 zuwa 60 daga cikin ɗari. Hikimar ita ce, nikotin ne ke kama mutum, amma hayaƙin, mai ɗauke da sinadarai fiye da 7,000 waɗanda kusan 70 daga cikinsu ke jawo sankara, shi ne ke yin mafi yawan ɓarnar. Akwai kuma ƙwayoyin da likita ne kaɗai ya kamata ya rubuta: bareniklin, wanda ya shiga kasuwa a 2006 da sunan Champix, yana ninka damar fiye da sau biyu, sai bufrofiyon, da kuma sitisin, magani mai araha da ake amfani da shi a gabashin Turai tun shekarun 1960. A watan Yuli na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko kan jinyar masu son barin taba, inda ta amince da waɗannan magunguna, ta kuma ce sun fi aiki idan an haɗa su da shawarar ma'aikacin lafiya.

Ga Musulmi, watan Ramadan wata dama ce da ke zuwa kowace shekara. Mai azumi a Nijeriya yakan yi awa 13 ko fiye bai taɓa taba ba, ya kuma tabbatar wa kansa cewa ƙishirwar na zuwa ta wuce. Inda ake yin asara shi ne bayan buɗa-baki, lokacin da wasu ke jera kara uku ko huɗu domin rama na yini, da kuma kafin ketowar alfijir. Idan aka tsallake waɗannan lokuta biyu tun daga daren farko, kwana 29 ko 30 na watan sun isa su haye da mutum mafi tsananin lokacin, ya isa ranar sallah da mako huɗu a hannu.

Haɗarin da ya rage bayan nan shi ne na kara ɗaya, wanda aboki ke miƙowa a wurin biki ko a kan doguwar tafiya daga Legas zuwa Kano. Mafi yawan waɗanda suka karɓi wannan kara sukan koma gidan jiya. Ƙarin nauyi na kilo huɗu zuwa biyar a shekarar farko shi ma yakan tsorata wasu, ko da yake haɗarinsa bai kama ƙafar na hayaƙi ba.

Masu kamfanonin sufuri, masana'antu da manyan shaguna suna da nasu rabon a wannan lissafi, tun da su ke ɗaukar asarar ranakun jinya, da kuma haɗarin gobara a inda ake ajiye auduga, yadi ko man fetur. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa hana busa taba a wurin aiki na rage yawan abin da ma'aikata ke sha, yana kuma taimaka wa wasu su bari. Sai dai a Nijeriya, ma'aikacin da ya yanke shawarar dainawa zai iske cewa karan taba na nan a bakin ƙofar masana'anta, yayin da filastar nikotin sai an neme ta a manyan kantunan magani na birane, da tsadar kayan da aka shigo da su daga waje. Tun a shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cingam da filastar cikin jerin magungunan da ta ce ya wajaba kowace ƙasa ta tanadar wa jama'arta, kuma masu shigo da magunguna da dillalansu ba su riga sun kai su inda masu buƙata suke ba.