Nawa Ake Biyan Direban da Ke Kai 'Ya'yanmu Makaranta?

Gari bai gama wayewa ba ya riga ya tayar da bas, yana bin unguwa-unguwa yana danna oda a ƙofar gidaje. Mu iyaye sai mu miƙa masa yara da kwandon abincinsu mu koma ciki. Mun san kuɗin mota na kowane zangon karatu har kwabo, amma da wuya ka ji wanda ya taɓa tambayar albashin mutumin da ke riƙe da sitiyarin.

A watan Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi a Najeriya daga naira 30,000 zuwa 70,000 a wata. Ba ma'aikatan gwamnati kaɗai ta shafa ba, har da na wurare masu zaman kansu. Sai dai ta bar wata kafa: ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka kuma masu aikin 'yan sa'o'i. Ta nan ƙananan makarantun kuɗi da dama suke zillewa, wasu ma ba sa biyan direba ko sisi a lokacin dogon hutu.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Direban da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, yana sauke yara zai karɓi adaidaita sahu ya shiga gari har sha ɗayan dare. Washegari da gyangyaɗi zai tuƙa 'ya'yanmu. Idan ƙwararre ya gaji ya ajiye makulli, sai a miƙa wa yaron mota wanda ko lasisi ba shi da shi.

Direbobi su sani, dokar ƙwadago ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba su sharuɗɗan aiki a rubuce cikin wata uku. Wanda aka danne wa haƙƙi yana iya kai ƙara ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ko Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Mu kuma iyaye, a taron iyaye da malamai na gaba mu tambayi hukumar makaranta: nawa ne albashin direba, kuma ana biyansa lokacin hutu? Daga aljihunmu kuɗin motar ke fita, kuma 'ya'yanmu ne a kan kujerun.