Babbar Taya A Tsohuwar Mota: Ribar Inci Biyu Da Abin Da Take Ci

Ran Lahadin da ta wuce, a kasuwar Illela, wani alhaji mutumin Tozai ya tare ni da tambaya. Yana da tsohuwar Hilux mai jan ƙafa huɗu, da ita yake kwaso albasa da gero daga ƙauyuka zuwa kasuwa. Tuni aka ƙara mata sifirin ta ɗaga sama, yanzu kuma yana so ya cire tayoyinta ya sa manya irin waɗanda ya gani a Ƙonni. Ya ce, "Malamin gona, in saya ko in bari?" Na ce, "Alhaji, ni ba bakanike ba ne, amma a makarantar aikin gona an koya mana lissafin ƙafar tarakta, shi ne dai na mota." Da yake masu irin wannan niyya suna da yawa, na ga ya kamata in baza amsar a wannan fili.

Da farko dai alhajin yana da gaskiyarsa. Ƙarin sifirin bodin mota kaɗai yake ɗagawa. Ku leƙa ƙarƙashi, za ku ga aksil, watau ƙarfen nan da ya haɗa ƙafa biyu, da wani ƙoƙo a tsakiyarsa. Wannan ƙoƙo shi ne ke kartar tudun yashin da ke tsakiyar hanya, kome yawan sifirin kuwa yana nan inda yake. Ba abin da ke ɗaga shi sai taya.

To, amma nawa take ɗaga shi? Rabin ƙarin da aka yi. Tayar da aka rubuta wa 205R16, wadda tsofaffin Hilux da yawa suka zo da ita, tsayinta kamar inci 29 ne. In ka sa mai inci 31, ribarka inci ɗaya. In ka sa mai inci 33, inci biyu. Ke nan.

Ga kuma abin da za ka biya. Taya mai inci 33 ta fi mai 29 da kusan kashi 14 cikin ɗari, ƙarfin da ke isa ƙasa kuwa zai ragu da kusan haka. Sabon inji ya jure, amma motar da ta shekara talatin tana aiki, an kuma ɗora mata buhu goma masu kilo 100, sai ka ji tana nishi wajen tashi. Direba ya dinga danne kuloci, kuloci ya ƙone, mai kuma ya tafi. Burki ma haka: abin da ya wahalar da inji wajen juyawa, shi zai wahalar da burki wajen tsayarwa. Boris da sandunan sitiyari su ma su karɓi rabonsu. Masu tsohuwar Land Rover su fi kowa kula, gama an san sandar aksilinta ta baya da karyewa in an matsa mata.

Akwai wata ɓarna da ba a gani, ta shafi ku malaman ofis da 'yan kasuwa masu lissafin mai da nisan tafiya. Agogon gudu juyin taya yake ƙirgawa. Da taya mai inci 33, in ya nuna 60, motar tana gudun 68 ne. In kun yi tafiyar kilomita 100, shi 88 zai rubuta. Sai a yi ta zargin direba da shan mai, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kifewa. Mota an ɗaga ta da sifirin, an ƙara da taya, an jibga albasa har ta wuce kan direba, sa'an nan mutane sun hau kan buhuna. Nauyi duk ya koma sama. Gangara kaɗan a gefen ƙorama, ko kwana da gudu a kwaltar Gwadabawa, ya isa. Wannan ba maganar kuɗin gyara ba ce.

Shawarata ga Alhaji ita ce ya tsaya a wajen inci 31 zuwa 32, ya nemi doguwa siririya, watau 7.50R16 ko 235/85R16. Irin ta farkon ce doguwar Land Rover da Land Cruiser ta aikin daji suka daɗe suna takawa. Mai faɗin nan, 33x12.50, kyan gani ne da ita, amma tana son wili mai faɗi, tana gugar bodi in an karya kan mota, sitiyari kuma ya yi tauri. A yashin jigawa kuwa ba faɗi ne maganin kafewa ba, rage iska ne. Ka sace kamar sulusin iskar, tafin tayar ya miƙe ya yi tsawo kamar na raƙumi, ka wuce a hankali. Da ka hau kwalta ka mai da iskarka. Taya mai ƙarancin iska, ga kaya ga zafin bazara, fashewa take yi. Saboda haka famfo da ma'aunin iska kada su bar motar.

In kun je saye, ku karanta gefen taya. Girma daban, ƙarfin ɗaukar kaya daban. Bayan lambar girma akwai wata: 109 na nufin kilo 1,030 kowace taya, 112 kilo 1,120, 120 kuwa kilo 1,400. Sau da yawa mai faɗin ce ke da ƙaramar lamba. Sa'an nan ku nemi rubutun DOT, lambobi huɗu na ƙarshensa su ne ranar haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi baya a Ikko a 2008, tayoyin waje suka cika kasuwa, cikinsu har da na hannu. Wadda kuka ga an zana mata hoton dutse da ƙanƙara, don sanyin Turai aka yi ta, robarta taushi ne da ita, ranar Sakkwato za ta cinye ta da wuri.

Kada ku saya biyu ku bar biyu. Mota mai jan ƙafa huɗu tana son ƙafafunta duka su zo ɗaya, in ba haka ba gaba da baya su dinga jayayya har giya ta lalace. Ta ajiya ma haka, watau taya biyar za ku yi wa kasafi. Bayan an ɗaura, ku loda motar, ku karya sitiyari iyaka dama da hagu, ku taka ƙafa ɗaya kan tudu, ku sa hannu ku ji ko akwai inda take taɓa bodi ko tiyon burki.

Alhaji ya lissafa kuɗin biyar da yatsunsa, ya ce zai jira ya ga yadda albasar rani za ta yi kasuwa tukuna.