Kifi a Ƙasa, Alayyaho a Sama: Lambun Bayan Gida da Ba Ya Buƙatar Taki

Mai kiwon tarwada ya san wahalar canza ruwa, mai lambu kuma ya san tsadar taki. Akwai tsarin da ke sa su rufa wa juna asiri, ana kiransa akwafonik.

Ga yadda yake aiki. Kifi na fitar da sinadarin amoniya, wanda guba ne gare shi. Wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zama jikin tsakuwa suna mayar da shi abincin shuka. Ƙaramin inji ya tura ruwan zuwa wajen shuka, saiwoyi su tsotse, ruwan ya koma wa kifi a tace.

Kayan ba su da yawa: tankin roba mai lita 1,000 da za a yanke samansa a cika da wankakkiyar tsakuwa, sai inji da tiyo. A ƙasa tarwada ko karfasa, a sama latas da alayyaho.

Amma fa a yi hattara. Bakteriyar na ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin su kafu. Wanda ya cika tanki da kifi ranar farko, gawa zai kwashe. Ruwan famfo mai kulorin, a bar shi ya kwana biyu. Maganin ƙwari kuwa, ko kusa. Kuma idan inji ya daɗe a tsaye, iska za ta ƙare wa kifin, don haka ƙaramin sola da batir dole ne.

Ku fara da kifi goma. In sun rayu, alayyaho ya yi kore, sai ku ƙara.