Tsoka da Jini: Darasin da Yaranmu Ke Ɗauke da Shi a Jikinsu

Cikin darussan kimiyya da ake koya wa yaranmu a ƙaramar sakandare akwai na tsoka da zagayawar jini. Sau da yawa ɗalibi kan kwafi zanen zuciya daga allo, ya haddace sunayen sassanta, ya ci jarrabawa, amma idan aka tambaye shi dalilin da ya sa ƙirjinsa ke dukan uku-uku bayan ya taso daga filin ƙwallo, sai ya rasa amsa. Mu iyaye da malamai ya kamata mu fara fahimtar darasin, kafin mu nemi yaro ya fahimta.

Tsokar jiki iri uku ce. Akwai wadda ke manne da ƙashi, wadda muke motsawa da nufinmu, kuma irinta sun haura 600 a jikin mutum. Ita ja kawai take yi, ba ta turi, shi ya sa take aiki bibbiyu: idan ka lanƙwasa hannu, tsokar gaban damtse ce ta tsuke, idan ka miƙe shi kuma ta baya ce ta ja. Akwai ta cikin hanji da tumbi da bangon jijiyoyin jini, mai aikinta ba tare da saninmu ba. Ta uku ita ce tsokar zuciya, wadda ke bugawa kusan sau 100,000 a kowace rana.

Zuciya kanta ba ta wuce girman dunƙulen hannun mai ita ba, kuma ɗakuna huɗu gare ta. Ɓangaren dama yana tura jini zuwa huhu ya ɗauko iskar oksijin, wato iskar da jiki ke rayuwa da ita. Ɓangaren hagu yana karɓar wannan jinin ya watsa shi ko'ina, kamar injin ban-ruwa da ke kai ruwa kowane kwami a fadama. Babban mutum yana da jini kimanin lita 5. Idan tsoka ta shiga aiki sai buƙatarta ta oksijin ta ƙaru, numfashi ya hau, bugun zuciya ya ƙaru. Amsar tambayar ɗan ƙwallon ke nan, kuma ita ce ke nuna cewa bai dace a raba darasin tsoka da na jini ba. Yana da kyau yara su ji cewa Ibn Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira a ƙarni na 13, shi ya bayyana yadda jini ke bi ta huhu, tun kafin William Harvey na Ingila ya wallafa bayanin cikakken zagayen a 1628.

Amfanin wannan ilimi a gidajenmu yake. Ɗauki amosanin jini, wanda aka fi sani da sikila, cutar da Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu fama da ita. Lafiyayyar jar ƙwayar jini kan rayu kusan kwana 120, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20, kuma takan lanƙwashe ta toshe ƙananan jijiyoyi, ciwo mai tsanani ya taso. Yaron da ya gane haka ba zai ce abokinsa lalaci ne ba, ba kuma zai yarda cewa jifa ko mayu ne ba. Zai kuma fahimci cewa idan nau'in jinin uwa da na uba duk AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na haifar mai SS, wato mai sikila. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, amma wanda ya san dalilin gwajin tun yana aji biyu ba sai an tilasta shi ba. Haka ma zai fahimci zazzaɓin cizon sauro, wanda ke farfasa jajayen ƙwayoyin jini ya jawo ƙarancin jini, da hawan jini da kan daɗe a jiki ba wata alama.

Rashin ɗakin gwaje-gwaje ba ya hana koyar da wannan darasi. Malami ya sa kowane ɗalibi ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, ƙasan babban yatsa, ya ƙirga bugun na minti guda. Sai su fita su zagaya fili da gudu, su dawo su sake ƙirgawa, su rubuta lambobin biyu a allo su kwatanta. Wata rana kuma ya karɓo zuciyar rago a wurin mahauci, ya tsaga ta a faranti, yara su ga ɗakunan huɗu, su ga yadda bangon hagu ya fi na dama kauri domin shi ke tura jini har tafin ƙafa. A wanke hannu da sabulu bayan an gama.

Mu ma iyaye muna da wannan damar ranar layya, lokacin da yara ke kewaye da mai fiɗa. Mu nuna musu zuciya da huhu kafin su shiga tukunya, mu rage gishiri da dunƙule a girki, mu bar 'ya'ya mata su ma su motsa jiki. Sannan mu kai kowane yaro asibiti a gwada nau'in jininsa kafin ya gama ƙaramar sakandare, mu zauna mu yi masa bayanin sakamakon.